Baƙon da ya zama ɗan gida a cikin gansakuka

Duk wanda ya leƙa gansakuka ta madubin ƙara girma zai ga wasu korayen ɗigo a cikin ƙwayar halittarta. Su ake kira kuloroflas, kuma su ke haɗa abinci da hasken rana. A 1883 Andreas Schimper, masanin tsirrai a Jamus, ya lura cewa ɗigon nan kan rabu gida biyu da kansu, yadda bakteriya ke hayayyafa. A 1905 Konstantin Mereschkowski na Rasha ya fito fili ya ce asalinsu bakteriya ne masu cin gashin kansu, dangin sayanobakteriya, da suka tare a cikin wata ƙwaya. Masana suka yi kunnen uwar shegu da batun, har sai da Hans Ris da Walter Plaut suka gano DNA a kuloroflas ɗin gansakukar Chlamydomonas a 1962, sannan Lynn Margulis ta sake tada maganar a 1967.

Mai musu zai ce, in da gaske kuloroflas bakteriya ce, me ya hana ta rayuwa ita kaɗai? Ai ƙwayoyin gadonta ba su wuce ɗari ko ɗari biyu da 'yan kai ba, alhali danginta na waje suna da dubbai. Amsar ita ce zaman ya haura shekara biliyan guda, kuma a tsawon lokacin nan yawancin gadon ya koma cibiyar ƙwayar da ta saukar da ita. Rubisko, inzayim ɗin da ke cafko iskar kabon, shaida ne: a koren gansakuka, umarnin ƙera babban ɓangarensa yana cikin kuloroflas, na ƙaramin yana cibiya, sai an haɗa su aiki ke tafiya. In kuma aka ce ba wanda ya ga faruwar abin, to ga wata ƙwayar halitta mai suna Paulinella, wadda Robert Lauterborn ya bayyana a 1895. Ita ta yi nata baƙon ne kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma ƙaurar gadon tana tsaka da gudana a jikinta.

Batun bai tsaya a ɗakin bincike ba. A 1996 aka tabbatar cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar irin wannan baƙo, wanda kakanninta suka samo daga gansakuka. Ya daina haɗa abinci da rana, amma in babu shi ƙwayar ba ta kai labari, shi ya sa doxycycline, maganin bakteriya, yake iya kashe ta.