Ciwon Nimoniya da Ƙwayar da Ke Kawo Shi

Nimoniya, wadda a gida muke kira ciwon huhu ko sanyin haƙarƙari, cuta ce da ke cika ƙananan jakunkunan iska na huhu da ruwa da mugunya, har numfashi ya yi wuya. Sunan nan na "sanyi" ya sa da yawa daga cikinmu muna ɗora laifin a kan hunturu ko shan ruwan randa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta.

Babbar cikinsu ita ce bakteriya mai suna Streptococcus pneumoniae. A shekarar 1881 mutum biyu suka gano ta, kowa a ƙasarsa: Louis Pasteur a Faransa, George Sternberg a Amurka. Yara da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a hanci da maƙogwaro ba tare da ta dame su ba. Sai yunwa, ko ƙyanda, ko hayaƙin murhu sun raunana yaro, sannan ta gangara huhu. Tana da wata riga da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki, rigar kuwa iri fiye da 90 ce. Shi ya sa haɗa allurar rigakafinta ya ci shekaru.

A Gambiya aka gwada allurar a kan yara kusan 17,000. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna nimoniyar da ake gani a hoton ƙirji ta ragu da kashi 37 cikin ɗari, mutuwar yara kuma ta ragu da kashi 16. Nijeriya ta fara ba da ita a Disamba 2014. Ana yi wa jariri a mako na 6, da na 10, da na 14.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe yara fiye da 740,000 'yan ƙasa da shekara biyar a 2019.

Idan yaro yana tari da zazzaɓi, mu ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa shan nono, kada mu jira gari ya waye, mu kai shi asibiti. Amoxicillin ne maganin da aka fi bayarwa. A shanye shi yadda likita ya faɗa ko da yaron ya fara wasa, domin yanke magani a tsakiya yana iya sa cutar ta dawo.