Sukurun Kafireta da Iskar Los Angeles

Ranar 26 ga Yuli, 1943, mazauna birnin Los Angeles na Amurka suka wayi gari da wani hazo mai kauri ya lulluɓe tsakiyar gari. Hazo ne mai sa idanu yaji da hawaye, ya kuma shaƙe maƙogwaro. Da yake ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wasu suka ɗauka Japan ce ta sako iska mai guba. Hukumomi suka ɗora laifin kan wata masana'anta da ke haɗa sinadarin yin roba, aka rufe ta, amma hazo bai fasa dawowa ba. A 1947 gundumar ta kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, ta bi matatun mai da masana'antu da masu ƙona shara a bayan gida. Mota kuwa ba a cika zarginta ba, domin hayaƙin salansarta ba shi da kala, shi kuwa hazon launin ƙasa-ƙasa ne.

Wanda ya warware ƙullin ba injiniyan mota ba ne. Arie Haagen-Smit, haifaffen Holan, malami ne a jami'ar Caltech da ke Pasadena, kuma aikinsa a lokacin shi ne binciken sinadaran da ke ba abarba ƙamshinta. Da irin kayan aikin da yake tace ƙamshi ya tace iskar gari. Zuwa farkon shekarun 1950 ya nuna cewa ba a cikin salansa ake haihuwar hazon ba, a sararin sama yake haɗuwa. Tururin fetur da bai ƙone ba yakan gamu da iskar naitirojin oksaid, hasken rana ya dafa su tare, sai ozon da danginsa su fito. Los Angeles tana da rana, tana da duwatsun da suka kewaye ta suka hana iska wucewa, ga kuma motoci fiye da kima. Masu binciken da kamfanonin mai ke ɗaukar nauyinsu suka yi masa ca, suna musun sakamakonsa. Kafin tsakiyar shekarun 1950 wasu masana sun maimaita gwajin, magana ta tabbata.

Daga nan tambaya ta koma ƙarƙashin bonet. Injin fetur yana son ma'auni: kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. A tsohuwar mota kafireta ce ke yin wannan gauraye, ita kuwa ba ta ji ba ta gani, abin da aka saita mata shi take bi. Idan mai ya rinjayi iska, wuta ba ta samun isasshiyar iskar da za ta cinye shi, sai kabon monoksaid ya yawaita, gubar nan marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. Idan iska ta yi yawa ainun, wuta kan riƙa ɗaukewa a silinda, ɗanyen fetur ya fice ta salansa. Haka ma idan fulogi ya gaji ko wayarsa ta tsage: silinda ɗaya da ba ta kamawa tana iya ninka ɗanyen man da mota ke fitarwa sau da yawa. Kamfanonin Detroit na wancan zamani sun fi son mai ya ɗan rinjaya, saboda injin ya fi tashi da sauƙi, ya fi ja, fetur kuma yana da araha. Ba wanda ya nemi su yi akasin haka.

Kalifoniya ce ta fara nema. Matakin farko ƙarami ne: tururin da ke sulalewa ta gefen fistin ya taru a cikin injin, wanda a da ake sakinsa kan titi ta wani bututu, aka mayar da shi cikin injin ya sake ƙonewa ta hanyar ɗan bawul ɗin da ake kira PCV. An fara sa shi a motocin 1961 da ake sayarwa a jihar. A 1966 aka kafa iyakar abin da salansa za ta fitar. Wasu kamfanoni suka ƙara famfo mai hura iska cikin hayaƙi don ya ƙarasa ƙonewa. Chrysler kuwa ya bi hanya mafi arha: ya rage man da kafireta ke bayarwa, ya jinkirta tartsatsin fulogi a lokacin da injin ke silo. Wato saitin da kowane bakanike ke yi da sukundireba shi ne ya zama dokar jiha. Wannan arha ta sa mutane tambayar me ya hana a yi tun da wuri, kuma a 1969 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta maka manyan kamfanonin mota a kotu bisa zargin haɗa baki wajen jinkirta na'urorin rage hayaƙi. An sasanta a wannan shekarar ba tare da an yi shari'a ba.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon. Gaurayen da aka rage wa mai yana ci da zafi sosai, zafin nan kuwa shi ke haɗa naitirojin da ke cikin iska da oksijin. Motocin ƙarshen shekarun 1960 sun rage kabon monoksaid da ɗanyen mai, suka ƙara naitirojin oksaid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da Haagen-Smit ya ce su ne iyayen hazo. An toshe kafa ɗaya, ruwa ya ɓullo ta wata. Wannan ita ce iyakar saiti: sukuru ɗaya ba ya iya rage guba ukun gaba ɗaya, sai dai a nemi tsakiyar da kowacce ta sauko gwargwado.

Kalifoniya ta yi ƙoƙarin gyara kuskuren a jikin motocin da suka riga suka shiga hannun jama'a. Ta wajabta wa masu motocin 1966 zuwa 1970 su sa wata na'ura da ke jinkirta tartsatsi don sanyaya wutar silinda. Masu mota suka koka cewa injin yana zafi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, kuma abin ya faɗo daidai lokacin tsadar mai ta 1973. A 1975 majalisar jihar ta janye mafi yawan shirin. Tilasta wa kamfani huɗu ya fi sauƙi a kan tilasta wa miliyoyin masu zaɓe, kuma 'yan siyasa sun fahimci haka da wuri. Ban da wannan, na'urori da dama da kamfanoni suka sa a sababbin motoci makanikai ne suka riƙa cire su, domin mai mota ya ce yana son ja irin na da. Abin ya kai kamfanoni suka fara sa wa sukurun kafireta hular roba mai hana juya shi da yawa, daga baya suka toshe shi ɗungurungum.

Mafita ta zo ne daga wajen injin. Dokar tsaftar iska ta 1970, wadda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta, ta nemi a rage gubar sababbin motoci da kashi 90 cikin ɗari a cikin shekaru biyar zuwa shida. An ɗage wa'adin, amma motocin 1975 suka fito da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda aka shafe cikinta da ƙarafa masu daraja irin su filatinom. Tukunyar ba ta jure dalmar da ake zuba wa fetur tun shekarun 1920, don haka dole aka kawo fetur marar dalma, lamarin da ya amfani ƙwaƙwalwar yara fiye da yadda aka yi tsammani. A 1976 Volvo da Bosch suka haɗa tukunya mai kashe guba ukun duka da na'urar da ke shinshina oksijin a cikin hayaƙi, tana gaya wa injin ya ƙara mai ko ya rage a kowane lokaci. Aikin da bakanike ke yi sau ɗaya a shekara ya koma hannun kwamfuta, kafireta kuma ta kama hanyar ɓacewa.

Tsohuwar mota dai ba ta ɓace ba. A ƙarshen shekarun 1980 Donald Stedman na jami'ar Denver ya ƙera na'urar da ke auna hayaƙin mota daga bakin titi yayin da take wucewa. Abin da ya gano ya sauya lissafi: kusan kashi goma cikin ɗari na motoci ne ke fitar da wajen rabin kabon monoksaid ɗin da ke kan hanya. Kuma ba shekaru kaɗai ke raba su da sauran ba. Akwai tsofaffin da ake kula da su da suka fi wasu sababbin tsafta. Kalifoniya ta fara gwajin hayaƙi na tilas a 1984, ko da yake a yau motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa cikinsa.

Motar da ta kasa cin irin wannan gwaji a Turai ko Amurka ba lallai ta tafi bola ba, sau da yawa jirgin ruwa take hawa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. Su ne 'yan Kwatano da ke cika titunan Kano da Maraɗi. A shekarar ce kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da ma'aunin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, amma ma'auni a bakin tashar ruwa ba ya bin mota zuwa gareji. Tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, tana da kasuwa ta musamman albarkacin ƙarafan da ke jikinta. Wata a can ake yanke ta, wata a nan. Motar da aka cire wa ita ta koma 1974, komai kyan fentinta.

Abin da ya rage a hannun mai irin wannan mota shi ne abin da injiniyoyin Chrysler suka fara da shi: matatar iska mai tsabta, fulogi masu kamawa, tartsatsi a kan lokacinsa, bawul ɗin PCV da bai toshe ba, da gaurayen da aka saita bayan injin ya ɗumama. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu mota da yawa suna zuwa gareji da buƙata ɗaya, a rage musu shan mai. Bakanike yakan murɗa sukurun har injin ya fara rawa, sannan ya ɗan mayar da shi baya, da kunne yake aunawa. Na'urar auna hayaƙi, wadda za ta nuna masa inda ya kamata ya tsaya, ba kasafai ake ganinta a garejin bakin titi ba.