Soyayya da barkwanci a talabijin: Gardamar matsayin mace da namiji, daga Daura zuwa Kannywood

Wasan soyayya mai barkwanci nau'i ne na wasan kwaikwayo da ake ginawa a kan namiji da mace waɗanda ra'ayinsu ya saɓa, su yi ta sa-in-sa masu kallo na dariya, daga bisani su daidaita. Abin da ya fi haɗa su faɗa shi ne tambayar da ta daɗe tana yawo a gidaje: mene ne aikin miji, mene ne na mata, kuma wa ya yanka wa kowa nasa? A ƙasar Hausa ba kasafai ake samun wannan nau'i tsantsarsa ba. Masu shirya fina-finai sun saba ware soyayya gefe guda da hawayenta da waƙoƙinta, barkwanci kuma gefe guda. Duk da haka gardamar tana nan a kusan kowane shiri mai dogon zango da ake kallo a Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure, kuma galibi a bakin masu ban dariya ake sa ta, ba a bakin jarumai ba.

Sunan abin da ake gardama a kai

Aƙidar da Turawa ke kira feminizim ba ta da suna guda a Hausa. Malaman adabi a jami'o'i kan ce matantaka, 'yan jarida kuma su ce fafutukar kare haƙƙin mata. A shafukan sada zumunta na Arewa kalmar feminis ta kusa zama zagi, ana jifan duk macen da ake ganin ta fiye baki da ita. Wannan ne ya sa da wuya a ji wata jaruma ta kira kanta da sunan a fim ɗin Hausa, ko da kuwa duk abin da take nema shi ne abin da masu aƙidar ke nema: karatu, sana'a, da ta-cewa a kan wanda za ta aura.

A wasu ƙasashe

A Amurka, fim ɗin Adam's Rib na 1949 ya haɗa miji da mata, dukansu lauyoyi, a shari'a ɗaya: shi yana gabatar da ƙara, ita tana kare wata mata da ta harbi mijinta mai cin amana. A 1952 shirin talabijin na I Love Lucy ya nuna wani kashi da mata suka tafi aiki a masana'antar alewa, maza suka zauna girki, kowane ɓangare ya kwashi kashinsa a hannu. Wanda ya fi kusa da rayuwar Musulmi shi ne na Masar, Mirati Mudir Am na 1966, wanda Shadiya da Salah Zulfikar suka fito a ciki, inda aka naɗa mace shugabar kamfanin da mijinta ke aiki. Koriya ta Kudu ta sake ɗauko zancen a 2023 da Love to Hate You na Netflix, labarin wata lauya da ba ta yarda namiji ya kayar da ita ba da wani ɗan fim da bai yarda da mata ba. A dukkansu mutum biyu ne ke gardama, kuma su biyun ne ke yanke hukunci. Nan ne na Hausa ya sha bamban.

Tushen abin a Daura

Mutumin Daura ba ya bukatar talabijin kafin ya san labarin mace mai mulki da baƙon da ya zo ya aure ta. Tarihin baka na masarautar ya kawo jerin sarakuna mata tun daga Kufuru, ya kuma ce Magajiya Daurama ce ta taso da mutanenta daga Tsohon Birni ta kafa garin da ke ɗauke da sunanta. Ruwayar ta ce Bayajidda ya iso da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare shi. Da sarauniya ta yi masa tayin rabin gari, sai ya ce shi aurenta yake so.

Abin da ya biyo baya ne ya fi kama da abin da ake gani a allo yau. Daurama ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta riga ta haihuwa ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata, sai ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Habaici ne na kishiyoyi, aka yi shi da sunayen 'ya'ya, kuma abin da ake takara a kai ba zuciyar miji ba ce, mulki ne. Masana tarihi da dama na fassara labarin a matsayin tunawa da lokacin da sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza. Sarautar Magajiya dai ba ta ɓace ba, M. G. Smith ya bayyana ta cikin manyan muƙaman fadar Daura a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Ko ma yaya aka fassara shi, tsarin labarin ya zauna: mace tana sama, namiji ya shigo daga waje ba shi da komai sai bajinta, aure ya sauya lissafi.

Ita kuwa dariyar, daga wata al'ada ta fito. Bahaushe yana da mutanen da ya halatta ya faɗa musu baƙar magana ba a yi fushi ba: taubasai, kaka da jika, matar wa da ƙanin miji. Ƙa'idar wasan ita ce wanda ya fusata shi ya faɗi. A tatsuniya akwai Gizo da Ƙoƙi, miji mai wayon banza da matar da ta san halinsa sarai. A tashen watan azumi akwai wasan Mairama da Daudu, inda 'yan mata ke sa wa ɗayarsu kayan maza su kwaikwayi zaman aure, akwai kuma tashen gwauro da ake yi wa namijin da ya kasa riƙe mace. Duk waɗannan suna ba da damar a taɓa miji, a taɓa mata, a watse ba wanda ya kai ƙara.

Daga littafi zuwa allo

Rubutaccen wasan kwaikwayo ya ɗauki zancen da wuri. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya nuna attajirin da ya watsar da matansa saboda wata mace mai zaman kanta, ya ƙare a tsiya. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya bi diddigin auren da zalunci da tsegumi suka rusa. A waɗannan wasanni mace ko dai abar tausayi ce ko kuma musabbabin bala'i.

Marubuta mata ne suka sauya wannan. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, a na ƙarshen, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho ta gudu ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Daga Jihar Katsina, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta bi wata hanya: jarumanta masu ilimi ne, masu aiki, masu addini, waɗanda ke cin nasara a cikin gidan aure ba tare da sun bar shi ba. A shekarar 1990 ɗin ce kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo, kuma ba a jima ba aka fara mayar da littattafan nan fina-finai.

Zamanin shirye-shirye masu dogon zango

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma shirinta Daɗin Kowa ya kawo ma'auratan da suka fi kowa wakiltar wannan gardama: Kamaye da Adama. Shi talaka ne da abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, ita kuwa ba ta iya ɓoye kwaɗayi ko riƙe harshe. An tsara Adama ne don a yi mata dariya, a kuma ƙi halinta. Sai dai duk wanda ya saurari abin da take faɗa zai ji cewa rabin ƙorafinta a kan cefane ne da suturar yara, abubuwan da shari'a ta ɗora wa miji. Mai kallo yana dariyar rashin kunyarta, amma maganar ta riga ta shiga kunne. Daga cikin waɗanda suka yi aikin rubuta shirin akwai marubuciya Fauziyya D. Sulaiman.

Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi, wanda aka fara nunawa a 2019, ya juya madubin ga namiji. Alhaji Badamasi attajiri ne mai auri-saki da ya tara 'ya'ya daga mata daban-daban bai kula da tarbiyyarsu ba, sai ga su sun taru a gidansa kowa idonsa a kan dukiya. Ba a yi wa kowa wa'azi a kan sakin aure ba. An bar gidan ya zama abin dariya, wanda hakan ya fi wa'azin ciwo.

A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan asalin Bakori a Jihar Katsina, suka mamaye wayoyin jama'a ta YouTube. Ba wasannin barkwanci ba ne, amma kowannensu ya ɗauki wani yanki na tsarin. A Labarina, Sumayya na tsakiyar masu nemanta, yayin da Baba Ɗan Audu, dattijon da son abin duniya ya rufe wa ido, ke ba da dariya yana kuma nuna yadda ake cinikin 'ya mace. A Izzar So, Hajiya Nafisa 'yar mai kamfani ce mai izza, Umar Hashim kuma ma'aikaci ne mai haƙuri da sanin addini. Tsohon tsarin nan ne na mace a sama da baƙo a ƙasa, kuma tun daga farko mai kallo ya san wanda aka shirya zai sauko.

Abubuwa biyu ne suka bambanta waɗannan shirye-shirye da na waje. Na farko, gardamar ba ta mutum biyu ba ce. Uwar miji, kishiya, yayar miji, ƙawar amarya da malamin unguwa duk suna da ƙuri'a, kuma sau da yawa wadda ta fi tsananta wa mace wata macen ce. Na biyu, jaruma ba ta cin nasara da kalmar daidaito. Da kalmar haƙƙi take ci. Takan ce ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibin miji ne, dukiyarta tata ce, adalci tsakanin mata umarni ne, neman ilimi kuma bai ware mace ba. Wannan ita ce hanyar da mata masu ilimi suka bi tun zamanin Nana Asma'u da 'Yan Taru, ita ce kuma ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta ɗauka tun kafuwarta a 1985. Rauninsu kuwa a ƙarshen labari yake. Bayan an shafe makonni ana nuna gazawar miji, kashi na ƙarshe kan zo da mace a durƙushe tana neman gafara, ko kuma a kawo wata mai ladabi a saka wa namiji da ita. Marubuta kan yi haka don gudun fushin masu kallo da na hukuma, amma yana zubar da rabin abin da shirin ya tara.

Iyakar dariya

Kusan duk abin da ake kallo a masarautar Daura a Kano ake shirya shi, don haka dokar Kano ce ke tantance shi. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, kuma haɗa jiki tsakanin namiji da mace na cikin abubuwan da ba a yarda da su ba. Wannan ya tilasta wa masu shiryawa zuba duk zafin soyayya da na faɗa a cikin magana, abin da ya ƙara wa habaici da gatse daraja. A watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 bisa zargin sakin su ba tare da tantancewa ba, ciki har da Labarina, Daɗin Kowa, Manyan Mata da Garwashi. Inda babu rigar barkwanci kuwa, martani ya fi zafi: shirin tattaunawa na Mata a Yau a Arewa24 ya sha suka mai tsanani a 2023 saboda ra'ayoyin da masu gabatarwa suka bayyana a kan zaman aure, alhali Adama ta daɗe tana faɗa wa Kamaye abin da ya fi haka ɗaci.

Watan Oktoban 2016 ya haɗa al'amura biyu da har yau ake ambata idan zancen ya taso. A farkon watan, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙar soyayya. Ranar 14 ga watan kuma, a birnin Berlin, aka tambayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, game da sukar da uwargidansa Aisha ta yi wa gwamnatinsa a hirarta da Sashen Hausa na BBC. Ya amsa da cewa bai san jam'iyyar da take ba, amma dai ita ta kicin ɗinsa ce da falonsa da ɗaya ɗakin. Yana faɗin haka ne a tsaye kusa da Angela Merkel, macen da ke shugabancin gwamnatin Jamus a lokacin. Kakakinsa Garba Shehu ya ce raha ce kawai shugaban ya yi. Masu fafutukar haƙƙin mata a ciki da wajen Najeriya ba su karɓi wannan bayani ba, yayin da 'yan barkwanci da mawaƙa suka ɗauki kalmar ɗaya ɗakin suka yi ta yayi da ita.