Tarukan Jam'iyyar Raƙumi a Amurka

Duk mai bin siyasar Amurka ya san jaki da giwa, alamomin Dimokurat da Rifablikan. Ba kowa ya san raƙumi ba. Shi ne alamar jam'iyyar Prohibition, mai fafutukar haramta giya, wadda aka kafa a Chicago a watan Satumbar 1869. Tun daga 1872 ba a yi zaɓen shugaban ƙasa ba sai da ta tsayar da nata ɗan takara, kuma babu ƙaramar jam'iyyar da ta kai ta daɗewa a ƙasar. Ba ta taɓa cin ko jiha ɗaya a wannan zaɓe ba. Amma manyan tarukanta na fid da gwani sun cancanci a bi su a tsanake, domin a cikinsu ne aka yi ta tafka muhawarar da kan raba kan 'yan ƙaramar jam'iyya: a tsaya kan buƙata guda, ko a rungumi duk koke-koken talaka?

An yi taron farko ranar 22 ga Fabrairun 1872 a Columbus ta jihar Ohio. Wakilai suka zaɓi James Black, lauya daga Pennsylvania, suka haɗa shi da John Russell, limamin cocin Methodist daga Michigan, a matsayin mataimaki. Kundin manufofin da suka rubuta bai tsaya kan giya kaɗai ba. Sun nemi a ba mata damar jefa ƙuri'a, kusan shekara hamsin kafin tsarin mulkin Amurka ya amince da haka a 1920, kuma tun a taron kafa jam'iyyar mata sun zauna a matsayin cikakkun wakilai. Ba abin mamaki ba ne, don matan aure ne suka fi ɗanɗana kuɗar mashaya. Maigida ya karɓi albashi ranar Asabar, ya zube shi a kantin giya, ya dawo gida da duka. Black ya tashi da ƙuri'u kimanin 5,600.

Taruka biyu na gaba duk a Cleveland aka yi su. A 1876 an tsayar da Green Clay Smith, tsohon janar, a 1880 kuma Neal Dow, tsohon magajin garin Portland wanda ya jagoranci dokar hana giya ta jihar Maine a 1851. Ko Dow da ya fi suna, da kyar ya haura ƙuri'u 10,000.

Taron Pittsburgh na 1884 ne ya sa manyan jam'iyyu suka daina yi wa 'yan raƙumi kallon hadarin kaji. A shekarar, ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shaye-shaye, ƙarƙashin Frances Willard, ta kai kokenta babban taron Rifablikan, aka yi watsi da shi. Matan suka karkata ga Prohibition. Jam'iyyar kuwa ta samu ɗan takara mai nauyi, John St. John, tsohon gwamnan Kansas, wanda a zamaninsa jihar ta shigar da haramcin giya cikin tsarin mulkinta. Ya mayar da hankali kan jihar New York, inda ya kwashi ƙuri'u kusan 25,000, galibinsu daga mutanen da suka saba zaɓar Rifablikan. James Blaine na Rifablikan ya sha kaye a jihar da ratar ƙuri'u dubu ɗaya da ɗoriya kacal, kuma da wannan jiha Grover Cleveland ya zama shugaban ƙasa, ɗan Dimokurat na farko da ya ci zaɓe tun bayan yaƙin basasa. Rifablikan sun fusata ƙwarai. An yi ta ƙona mutum-mutumin St. John a garuruwa, har majalisar Kansas ta cire sunansa daga wata gunduma da aka raɗa wa, ta mayar da ita Logan.

Daga nan jam'iyyar ta yi tashe. Clinton Fisk, da aka tsayar a Indianapolis a 1888, ya samu kusan ƙuri'u 250,000. Taron Cincinnati na 1892 ya fitar da John Bidwell, babban manomi daga California wanda ya sa aka tumɓuke inabin giya daga gonarsa saboda aƙidarsa. Ya samu kimanin 270,000, wato kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗori, kuma har yau babu ɗan takarar jam'iyyar da ya kamo shi.

Sai kuma baraka ta kunno kai a Pittsburgh a watan Mayun 1896. Ƙasar na fama da matsin tattalin arzikin da ya fara a 1893, manoma sun nutse cikin bashi, suna neman gwamnati ta buga kuɗin azurfa da yawa don farashin amfanin gona ya tashi. Wakilai suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya, wanda St. John ke ciki, ya ce ba za a je wa mai jin yunwa da wa'azin giya kaɗai ba, dole kundin ya ƙunshi azurfa da ƙuri'ar mata da sauran gyare-gyare. Ɗaya ɓangaren ya ce kowace ƙarin buƙata tana korar wani mai goyon baya, don haka a tsaya kan abin da ya tara su. Na biyun suka yi rinjaye, aka amince da kundi mai magana guda, aka tsayar da Joshua Levering na Baltimore. Waɗanda aka kayar suka fice daga zauren, suka kafa jam'iyyar National, suka tsayar da Charles Bentley na Nebraska. Levering ya samu kimanin 130,000, Bentley bai kai 15,000 ba.

A ganina kowane ɓangare na da hujja, amma masu tsayawa kan buƙata guda sun zaɓi filin da wani ya riga ya fi su iya taka rawa a kai. A 1893 aka kafa ƙungiyar Anti-Saloon League a Oberlin ta Ohio. Ita ba ta tsayar da kowa takara. Abin da take yi shi ne ta tara ƙuri'un masu zuwa coci ta ba duk ɗan takarar da ya yi alkawarin yaƙar giya, ko na wace jam'iyya ne, ko da shi kansa yana kurɓawa a ɓoye. 'Yan Prohibition na ganin wannan cinikin aƙida ne, suna cewa doka ba za ta yi aiki ba sai a hannun gwamnatin da ta yi imani da ita. Hanyar ƙungiyar ce dai ta kai ga gyara na 18 a tsarin mulki mai haramta giya, wanda jihohi suka amince da shi a 1919, ya fara aiki a Janairun 1920.

Nasarar ta bar jam'iyyar cikin tsaka mai wuya. A taron 1920 da aka yi a Lincoln ta Nebraska, wakilai suka miƙa takara ga William Jennings Bryan, mutumin garin, wanda ya yi wa Dimokurat takara har sau uku. Ya ƙi karɓa, sai aka koma kan Aaron Watkins. A Columbus a 1924 suka tsayar da Marie Brehm mataimakiya ga Herman Faris, shekara huɗu kacal bayan mata sun samu ƙuri'a a faɗin ƙasar, alhali sai a 1984 wata babbar jam'iyya ta yi irin haka. A 1928 ƙuri'unsu suka faɗo zuwa 20,000, don masu ƙin giya sun bi Herbert Hoover na Rifablikan. A 1933 aka soke haramcin baki ɗaya, bayan shekarun fasa-ƙwauri da cin hanci da suka nuna gargaɗin 'yan jam'iyyar kan masu aiwatar da doka ba shaci-faɗi ba ne.

Sun ci gaba da taro, sai dai zauren na ta ƙanƙancewa. Claude Watson ne na ƙarshe da ya haura ƙuri'u 100,000, a 1948. Jihohi sun tsaurara sharuɗɗan sa suna a takardar zaɓe, sai an tara dubban sa-hannu, abin da ya fi ƙarfin jam'iyyar da tsofaffi suka fi yawa a cikinta. Don zaɓen 1980 har suna suka sauya zuwa National Statesman, bai yi amfani ba, suka koma na asali.

Daga 1984 Earl Dodge na Colorado ya zama shi ne shugaba, shi ne ɗan takara. A taron 1999 a ƙauyen Bird-in-Hand na Pennsylvania, ya kayar da Gary Van Horn da ƙuri'a 9 da 8, a babban zaɓen 2000 kuma ya samu ƙuri'u 208 a duk faɗin Amurka. A 2003 ya kira taron fid da gwani a falon gidansa a Lakewood, mutane ƙalilan suka halarta, aka sake tsayar da shi. Wannan ne babi mafi ciwo a tarihin, domin ƙaramar jam'iyya ba ta da wata kadara da ta wuce amanar da ke tsakanin 'ya'yanta. Sauran mambobi suka ce ba a gayyace su ba, suka zarge shi da ɓoye bayanan kuɗi, suka yi nasu taron a Tennessee suka tsige shi. Rikicin ya haɗa da wasiyyar wani George Pennock, wadda a lokacin take kawo wa jam'iyyar kimanin dala 8,000 a shekara. A zaɓen 2004 ɗan takarar 'yan tawaye, mai wa'azi Gene Amondson, ya samu kusan ƙuri'u 1,900, Dodge kuwa 140. Ba a ɗinke barakar sosai ba sai bayan rasuwar Dodge a 2007.

A 2015 ba a ma kama zaure ba. Ta wayar tarho wakilai suka haɗu suka tsayar da James Hedges, tsohon jami'in kimanta haraji a wata ƙaramar hukuma ta Pennsylvania, wanda ya samu ƙuri'u sama da 5,000 a 2016, mafi yawa cikin shekaru kusan talatin. A 2023 sun sake haɗuwa ido da ido a Buffalo ta New York, suka tsayar da Michael Wood don zaɓen 2024, inda ya tashi da ƙuri'u dubu ɗaya da ɗoriya.