Chasselay: Ƙauyen Faransa Mai Ganuwar Jar Ƙasa



In aka ce Faransa, yawancinmu Paris ce ke faɗo mana a rai, ko kuma Marseille saboda ƙwallo. A wannan fitowar za mu bar birni mu shiga ƙauye. Sunan ƙauyen Chasselay, ana furta shi kamar "Shasle". Ƙaramin wuri ne, mutanensa wajen dubu uku ne kacal, amma akwai abin da ke kwance a ƙasarsa wanda ya shafe mu, mu 'ya'yan Afirka ta Yamma da muka tashi a ƙasashen waje.

Ina ne Chasselay?

Ƙauyen yana gundumar Rhône, kimanin kilomita 15 zuwa 20 arewa da birnin Liyon, a gindin wasu tuddai da ake kira Monts d'Or, wato duwatsun zinariya. Ba dogaye ba ne sosai, mafi tsawonsu bai fi mita 625 da 'yan kai ba. Ta gabas akwai kogin Saône, ta arewa kuma akwai ɗan ƙaramin kogin Azergues da ke zuba a cikinsa. Ƙasar wurin tana da albarka, manoman yankin kuma sun yi suna wajen lambunan itatuwa, musamman wani ɗan itace ɗan uwan tuffa da Faransawa ke kira poire. Har biki suke masa.

A zamanin da, gari ne mai ganuwa da ƙofofi, yana ƙarƙashin ikon manyan limaman cocin Liyon, waɗanda a lokacin su ne sarakunan yankin. Har yanzu tsohon tsakiyar garin yana nan da lungunansa da gidajen dutse. Sai ku riƙe abu ɗaya: babbar hanyar da ta taso daga Paris zuwa Liyon, wadda a da ake kira Nationale 6, ta gefen ƙauyen take wucewa. Wannan hanyar ce ta kawo masa yaƙi har ƙofar gida.

Masu bin ƙwallo wataƙila sun taɓa jin sunan. Ludovic Giuly, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Barcelona a 2006, a kulob ɗin ƙauyen ya fara wasa yana yaro, kuma filin wasan garin sunansa yake ɗauke da shi. A Janairun 2014 ɗan kulob ɗin nan ya kara da Monaco a gasar kofin Faransa, a wasan nan ne Radamel Falcao ya ji ciwo a gwiwa har ya rasa gasar kofin duniya ta Barazil. To amma ba ƙwallo ce ta kawo mu ba.

Kwana biyu a watan Yuni

Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen sojoji da ta sa wa suna tirailleurs sénégalais. Kar sunan ya ruɗe ku. A Senegal aka fara, shi ya sa sunan ya bi su, amma daga baya ko'ina ake ɗebo su cikin ƙasashen da Faransa ta mallaka: Mali, Gini, Kwaddibuwa, Dahomey wadda yanzu ita ce Benin, ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, da Nijar. Wasu da son ransu suka shiga, da yawa kuwa tilas ce, a ce wa sarki ko mai gari ya kawo samari kaza. Kamar dai yadda Ingila ta kwashi kakanninmu daga Najeriya da Gana zuwa Bama.

A watan Mayun 1940 Jamus ta afka wa Faransa, kafin mako shida komai ya watse. Ranar 14 ga Yuni Paris ta faɗi. Ranar 17 sabon shugaban gwamnati, Marshal Pétain, ya yi jawabi ta rediyo cewa lokaci ya yi da za a daina faɗa. Ranar 18 aka ayyana Liyon a matsayin buɗaɗɗen birni, ma'ana ba za a kare shi ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta waɗannan sojojin Afirka da ta tare hanyoyin da ke shiga Liyon ta arewa, ba ja da baya. Ku duba fa: manya sun riga sun sallama, su kuwa an ce su tsaya.

Suka tsaya ɗin. Ranar 19 ga Yuni aka gwabza a Montluzin, wani gidan mata masu hidimar coci da ke gefen Chasselay kusa da babbar hanya. Jamusawa sun zo da tunanin hanya a buɗe take, sai suka tarar da wuta. An shafe sa'o'i ana yi kafin su ci wurin, da suka shiga kuma suka bi baƙaƙen da suka samu suna kashewa, har da masu rauni.

Washegari, 20 ga Yuni, ragowar sojojin da suka taru a wani babban gida mai suna Plantin, ƙarƙashin Kyaftin Gouzy, suka yi faɗa har harsashi ya ƙare, sannan suka miƙa wuya. Aka jera su aka nufi ƙauyen Les Chères da su, baƙaƙe a gaba, farare a baya. Da aka kai wani fili da ake kira Vide-Sac, wanda ma'anarsa kamar a ce "zazzage buhu", sai aka ware baƙaƙen aka kora su cikin gona. Tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Mutum wajen 50 aka kashe a wurin. Fararen kuwa aka wuce da su Liyon a matsayin fursunonin yaƙi. Bayan kwana biyu, ranar 22 ga Yuni, aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta.

Me ya kawo wannan? Ba zafin yaƙi kaɗai ba ne. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin Rhin na Jamus, aka yi shekaru ana cusa wa Jamusawa cewa wannan cin mutunci ne, wai baƙi dabbobi ne. 'Yan Nazi suka zo suka ƙara wa wutar fetur. Shi ya sa abin ya faru a wurare da yawa. A Airaines da ke arewacin Faransa an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, ranar 7 ga Yuni, don ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar sauran. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojoji tsakanin 1,500 zuwa 3,000 aka kashe ta wannan hanya a Mayu da Yunin 1940.

An daɗe ana ɗora kisan Chasselay a kan rundunar SS. Sai a 2019 aka gano wasu hotuna da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar, masanin tarihi Julien Fargettas ya bi diddiginsu, aka tabbatar sojojin tanka ne na rundunar Jamus ta yau da kullum suka aikata.

Yadda aka gina tata

A nan ne ƙauyen ya nuna halinsa. Jamusawa sun hana a taɓa gawarwakin, amma mutanen gari suka fito suka haƙa rami suka binne su, suka adana takardu da lambobin da suka samu a jikinsu don kar sunayen su ɓace. Mai shagon maganin garin, Henriette Morin, da matan Montluzin suka kula da masu rauni.

Sai wani ma'aikaci mai suna Jean Marchiani, shugaban ofishin 'yan mazan jiya na gundumar, ya ɗauki abin a kansa. Ya sayi fili kusa da inda aka yi kisan, ya sa aka tono gawarwakin da ke warwatse a ƙauyukan yankin aka tara su wuri ɗaya. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 aka buɗe maƙabartar, aka zuba mata ƙasar da aka kawo daga Dakar. Kwana uku bayan haka Jamus ta mamaye kudancin Faransa gaba ɗaya. A 1966 gwamnati ta mayar da wurin maƙabartar ƙasa.

Sunan wurin tata. A ƙasashen Mali da Senegal, tata ita ce katangar ƙasa da ake kewaye gari da ita, abin da mu muke kira ganuwa ko badala. Mafi shahara ita ce ta Sikasso, wadda ta gagari Samori a 1887 zuwa 1888, Faransawa kuma suka fasa ta a 1898. Kun ji ikon Allah: irin ginin da suka rusa a Afirka shi suka zo suka gina a ƙasarsu. Katangar ja ce jawur kamar jar ƙasa, da dogayen kusurwoyi masu tsini da itatuwa a soke. Duk wanda ya san zankwayen gidajen Kano ko Damagaram ba zai ji baƙunta ba. A ciki akwai kaburbura 196: sojojin Afirka ta Yamma 188, 'yan Arewacin Afirka 6, da wasu 2 daga rundunar sojoji 'yan ƙasashen waje ta Faransa. Da yawa daga cikin allunan babu suna, sai kalmar inconnu, wato ba a san shi ba. A 2022 aka ƙara alluna ɗauke da sunaye 25 da bincike ya gano.

Kar a ɗauka Faransa ta biya bashin da wannan gini. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirailleurs da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, aka bar su suna karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na shekaru masu yawa. Ita kanta tatar, a Janairun 2025 wasu suka shiga suka ɓata kaburbura da fenti.

Me ya shafe mu?

Wanda ya tashi a Landan ko Liyon ko New York ya san tambayar nan ta "asalinka daga ina?", kamar dai jiya baƙar fata ya fara taka Turai. To ga amsa a kwance a gindin Monts d'Or. Samari ne sa'anninmu, wasunsu ko Faransanci ba su iya sosai ba, suka mutu suna kare ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba. Kowace shekara a watan Yuni, da kuma 11 ga Nuwamba, 'yan Afirka mazauna Liyon da mutanen gari sukan taru a wurin.

Wanda hanya ta kai shi Liyon, tafiyar ba ta fi ta rabin awa a mota ba, ya daure ya leƙa. Wanda kuma yake da dattijo a gida, musamman masu dangi a Nijar ko Chadi ko Kamaru, ya zauna da shi ya tambaye shi ko akwai wani a zuri'a da aka tafi da shi yaƙin Nasara bai dawo ba. A rubuta sunan, da garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, tun masu ba da labarin suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.