Daga laulawa zuwa keke: sunan da ya bi dogo

Tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Agege ka ce kana neman keke. Babu wanda zai kawo maka mai ƙafa biyu. Mai ƙafa uku za a tsayar maka, a tambaye ka ina ka nufa. Wannan ƙwacen suna ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kakanninmu suna da laulawa, suna da basukur da aka aro daga Turanci, masu kirari kuma su ce dokin ƙarfe. Da idon mahayi Bahaushe ya kalli abin, shi ya sa har gobe mazauninsa sirdi ne. Amma keke, wanda ya doke su duka, daga bakin Yarbawa muka karɓe shi. A ganina dogo ne ya yi masa jagora. Layin da ya tashi daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1912, kuma ta kansa fataken goro na Zangon Agege suka riƙa kai huhu Arewa, su komo da shanu. Wanda ya ɗauki kaya ai har da magana yake ɗauka. Da kalmar ta zauna sai ta hayayyafa: keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu.

Shi kuwa mai ƙafa uku, zamanin Buba Marwa, gwamnan soja na Legas daga 1996 zuwa 1999, ya samu sunan Keke Marwa. Shirin yaƙi da talauci na Obasanjo ya sa masa Keke Napep, Kanawa suka ce A Daidaita Sahu. Kowane suna da gwamnatin da ta raɗa shi.

Keken asali fa, mai kaca da feda, wa ya tuna da shi? A Amurka da Ingila, in dogo ya mutu sai a cire ƙarafan a bar wa masu keke hanyar su yi tafiyar kwanaki a kai. Mu ma muna da dogon da ya mutu: layin Zariya zuwa Jos, tun 1957 aka rufe shi. Hukumomin Kaduna da Filato, a share abin da ya rage na hanyar nan a ba masu keke.