Katangar Tare Ƙasa a Gidajen Gangara: Nazarin Hisabin Ƙasa da Ruwa a Garwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan katangar da ake ginawa domin tare ƙasa a gidajen da aka kafa bisa gangara a birnin Garwa da kewayensa. An bi hanyar hisabi bisa ƙa'idar Rankine, aka auna katangar bulo da katangar kankare mai rodi, kowacce mai tsayin mita 2, a halin rani da halin damina, sa'an nan aka kwatanta su da jeren duwatsun manoman Mandara. Abin da ya bayyana shi ne, ruwan da ya taru a bayan katanga yana ninka turin ƙasa fiye da sau biyu, har ma katangar da ta cika sharuɗɗan gini tana iya zamewa matuƙar an hana ruwa mafita.

Muƙaddima

Birnin Garwa yana zaune a gaɓar arewa ta kogin Binuwai, kuma duk wanda ya bar bakin kogi ya nufi wajen tsaunin Tingelin zai ga ƙasa tana ɗagawa sannu a hankali, daga fadama mai laka zuwa jigawa mai kwance a kan dutsen yashi. Ruwan da yake zuba a nan a shekara yana kai kimanin milimita 1,000, amma da yake kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Oktoba, mafi ƙarfinsa kuma a Agusta, sai ya zama ƙasar da ta yi wata shida tana shan zafin rana ita ce za ta karɓi ruwan shekara a 'yan watanni. Ko da yake madatsar Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982, ta sauya ɗabi'ar kogin, ambaliyar 2012 ta tabbatar wa jama'a cewa zaman kwari yana nan da hatsarinsa, wannan kuwa yana daga cikin dalilan da ke sa mai neman fili ya fi son tudu.

Sai dai tudu ma da tasa mas'alar. Wanda ya sayi fili a gangara ba shi da makawa sai ya daidaita tsakar gidansa, ko dai ya yanke ƙasa ta sama, ko ya yi ciko ta ƙasa, kuma ko wanne ya zaɓa zai wayi gari da tulin ƙasa a tsaye wanda yake bukatar abin tokarewa. Galibi abin da ake yi shi ne a ɗauki katangar zagaye gida, wadda asalinta domin sutura da tsaro aka yi ta, a ɗora mata aikin tare ƙasa, alhali ba a gina ta domin haka ba. Zaftarewar ƙasa da ta auku a unguwar Gouache ta Bafoussam a watan Oktoba na 2019, inda fiye da mutum 40 suka rasu, ta faru ne a yammacin ƙasar mai ruwa da yawa, amma sababinta, wato ƙasar gangara da ta ƙoshi da ruwa, shi ne dai abin da ake fuskanta a arewa a ƙaramin mizani.

Hisabin turin ƙasa

Ilmin auna turin da ƙasa ke yi wa katanga ya samo asali daga Coulomb, injiniyan sojan Faransa, wanda aka buga bayaninsa a 1776, sa'an nan Rankine ya zo da hanya mafi sauƙi a 1857, Terzaghi kuma ya fayyace rawar da ruwan cikin ƙasa ke takawa a littafinsa na 1925. Bisa ƙa'idar Rankine, ƙasa mai yashi irin ta jigawa tana tura katanga da kimanin sulusin nauyinta, turin kuma yana ƙaruwa gwargwadon zurfi, daga babu a sama zuwa mafi tsananinsa a gindi. Idan aka ƙaddara nauyin mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya na busasshiyar ƙasa kilo 1,800 ne, to kowace mita ɗaya ta tsawon katanga za ta ɗauki turin kilo 300 idan tsayinta mita 1 ne, kilo 1,200 idan mita 2 ne, kilo 2,700 idan mita 3 ne. Nan ne kuskuren maginin da bai yi hisabi ba yake farawa, domin hankali yana raya masa cewa ninka tsayi ninka ƙarfi ne kawai, alhali turin yana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da katangar kuwa sau takwas.

Bari mu ɗauki katangar bulo mai kaurin santimita 20 da tsayin mita 2, wadda aka cika ramukanta da kankare, abin da a idon mai gida ya kai matuƙar inganci. Nauyinta a kowace mita bai wuce kimanin kilo 880 ba, kuma da yake wannan nauyi yana zaune ne santimita 10 kacal daga bakinta na waje, ƙarfin da take da shi na ƙin faɗuwa 88 ne a ma'aunin kilo da mita, alhali turin kilo 1,200 da ke dukanta a sulusin tsayinta yana bukatar 800. Ke nan nauyinta ya biya kusan kashi ɗaya cikin tara na abin da ake bukata. Abin da ke riƙe da irin wannan katanga shekara biyu ko uku shi ne 'yan ginshiƙan da aka sa mata, da kuma danƙon busasshiyar ƙasa wadda take iya tsayuwa da kanta da rani, danƙon nan kuwa shi ne farkon abin da ruwa ke tafiya da shi.

Katangar kankare mai rodi, wadda ake yi wa faffaɗan harsashi, hikimarta dabam ce, domin ita ƙasar da ke turin ake sa wa ta danne katangar. A misalinmu, a yi harsashi mai faɗin mita 1.2 da kaurin santimita 25, a bar santimita 25 a gaba, jikin katanga ya ci 20, sauran 75 su shige ƙarƙashin cikon. Ƙasar da ke zaune a kan wannan dunduniya ta haura tan 2, idan kuma aka haɗa ta da nauyin kankaren, ƙarfin ƙin kifewa yana kai kimanin 2,680, wato fiye da ninki uku na abin da ake bukata. Ta fuskar zamewa kuma, idan aka ƙaddara riƙon da ke tsakanin harsashi da ƙasa rabin nauyi ne, ana samun kimanin kilo 1,960 a gaban turin 1,200, wanda ya haura sharaɗin ninki ɗaya da rabi da injiniyoyi suka saba nema.

To, amma duk wannan hisabin rani ne. Ranar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, cikon ya ƙoshi har bakinsa, ruwa ba ya bin ƙa'idar sulusi, da dukkan nauyinsa yake turi, kilo 2,000 a katanga mai mita 2, ƙasar da ke cikinsa kuma ta ƙara kimanin 670, jimla wajen kilo 2,670. Wannan ya zarce riƙon harsashin, tun kafin a lissafa ruwan da ke shiga ƙarƙashinsa yana rage masa nauyi. Ma'ana, katangar da aka kashe mata siminti da rodi bisa ƙa'ida za ta iya tafiya gaba ɗayanta ba tare da ta tsage ba, saboda rashin 'yan rariyoyin da kuɗinsu bai kai na buhunan siminti kaɗan ba.

Lamarin ya fi muni inda aka yi ciko da baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan ɗaukewar ruwa. Da rani takan dare har mutum ya iya zura hannu a tsagar, ƙura da ɓarɓashi su cika wurin, da ruwa ya sauka kuma sai ta kumbura ta rasa inda za ta koma face jikin katanga, kowace shekara ta ɗan ƙara tura ta. Ƙa'idar Rankine ba ta ɗauke wannan turi ba, don haka hukuncin da ya dace shi ne kada a yi ciko da ita ko kaɗan, komai kusancinta da arharta.

Abin da manoman Mandara suka riga mu sani

A duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Rumsiki, Mafa da Kapsiki da maƙwabtansu sun yi ƙarnoni suna noma a jikin tsauni, suna tare ƙasa hawa-hawa da duwatsun da aka jera ba laka ba siminti. Irin wannan aiki ne a Sukur ta Jihar Adamawa a Nijeriya, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma kufayen Diy-Gid-Biy na ɓangaren Kamaru shaida ne cewa fasahar ta daɗe. Wanda ya tsaya kusa da jeren zai ga manyan duwatsu a gindi, ƙanana an cusa su a tsakani, fuskar jeren ta ɗan jingina wajen tsauni, bayan an yi ruwa kuma zai ga danshi yana tsattsafowa ta kowace kafa. Ba a yin hawa ɗaya mai tsawo. Ana raba gangarar ne gajere-gajere, duk dutsen da ya goce kuwa a mayar da shi kafin shuka.

A ganina wannan jere ya fi katangar bulo dacewa da hisabin da ya gabata, domin ya kiyaye sharuɗɗa biyu da hisabin ya wajabta, gajarta da mafitar ruwa. Fa'idar raba tsayi a bayyane take: hawa biyu masu mita 1 kowanne, idan aka ba su isasshiyar tazara, turinsu duka kilo 600 ne, rabin na katanga ɗaya mai mita 2. Abin takaici shi ne, da siminti ya wadata, musamman tun da masana'antar CIMENCAM ta Figil ta kusanto da shi ga mutanen arewa, sai aka ɗauki sumul ɗin katanga a matsayin alamar ƙarfi, aka shafe kowace kafa da filasta.

Sharuɗɗan aiki

Wajibi ne rodin jikin katanga ya kasance ta ɓangaren ƙasar da ake tarewa, domin nan ne kankare ke miƙewa idan turi ya zo, a lanƙwasa gindinsa ya shige cikin harsashi, rodin dunduniya kuma ya zauna ta sama. Sa shi a tsakiya, ko ta fuskar da ake gani, hasarar ƙarfe ce. A bar masa lulluɓin kankare na santimita 5 saboda tsatsa. Ma'aunin da aka saba a ƙasashe masu bin tsarin Faransa shi ne kilo 350 na siminti, wato buhu 7, ga kowace mita ɗaya ta kankare tsawo da faɗi da zurfi. Yashin Binuwai da na rafuka, wato mayo-mayo, yana da kyau idan ba laka a cikinsa, gwajinsa kuwa mai sauƙi ne: a zuba shi a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye, lakar za ta kwanta a sama a ga kaurinta.

Zafin Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, yana sa leburori su riƙa ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi saurin zuba, ruwan nan kuwa ƙarfin kankaren yake ci. Gara a zuba da sassafe ko da la'asar sakaliya, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana 7, kada kuma a yi gaggawar ciko, tun da sai a kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa.

Rariya ita ce ruhin aikin. A sa fayif mai faɗin santimita 7 zuwa 10 a kowace mita 1.5 zuwa 2, ɗan sama da ƙasar gaban katanga, bakinsa ya sunkuya waje. A bayan katanga a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 tun daga gindi har kusa da sama, a raba ta da cikon da yashi mai kaushi ko ƙyallen tace ƙasa, don kada laka ta toshe ta a damina biyu. A yi cikon kaɗan-kaɗan, santimita 20 a daɓe da hannu, sa'an nan a ƙara. Ruwan indararo a ja shi nesa ta kwata, haka nan masai da ramin ruwan wanka kada a haƙa su a bayan katanga, domin su damina ce da ba ta ɗaukewa. Duk katangar da ta haura mita 1.5, ko wadda za a ɗora ɗaki ko a ajiye mota a samanta, hisabinta na injiniya ne.

Haƙƙin maƙwabci

Da an buɗe rariya sai wata tambaya ta taso, wadda hisabi ba ya amsa ta: ina ruwan zai zuba? A gangara gidan wani yana ƙarƙashin na wani, kuma sau da yawa abin da ke sa a toshe rariya shi ne ƙorafin maƙwabcin ƙasa, wanda ba ya son ruwa a tsakar gidansa, bai kuwa san cewa toshewar ta mayar da katangar abin da zai iya faɗo wa iyalinsa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya, mazhabar da Musulmin wannan yanki ke bi, sun yi dogon bahasi a kan irin wannan bisa ƙa'idar hana cutarwa. Ibn al-Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen katanga da magudanan ruwa a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan, kuma sananne ne a mazhabar cewa mai katangar da ta karkata, idan aka gargaɗe shi a gaban shaidu ya yi sakaci har ta faɗi, lamunin abin da ta halaka yana wuyansa.

Saboda haka mai gidan sama ba shi da ikon toshe ruwa a bayan katanga, ba shi kuma da ikon sakinsa a gidan wani. Mafita ita ce ya ja katangar baya kaɗan daga kan iyaka, ya gina 'yar kwata a gindinta cikin filinsa, wadda za ta tattara ruwan rariyoyin ta kai shi magudanar titi, ko kuwa ya shimfiɗa fayif mai huji a ƙarƙashin tsakuwar ya fitar da ruwan ta gefe guda. Wannan yana cin santimita 30 zuwa 40 na fili, kuma ya kamata a daidaita a kansa da maƙwabci, a gaban mai unguwa, tun kafin a haƙa harsashi, domin da zarar an zuba kankare a kan iyaka babu sauran wurin kwata.